Sitiroma, mariƙin sassan jiki

1. A wurin mahauta

Yara, wa ya taɓa tsayawa wurin mahauta a kasuwar Maine-Sorowa sa'ad da ake fiɗa? In an feɗe rago, mahauci yakan fito da kayan ciki ɗaya bayan ɗaya: hanta, da huhu, da zuciya, da saifa, da ƙoda biyu. Ku lura da hanta. Tana da laushi ƙwarai, ko da ɗan yatsa ana iya huda ta. Duk da haka mahauci yana ɗaga ta da hannu ɗaya, ya rataye ta, ba ta wargajewa. Ba ta zuba ƙasa kamar kunu. To, me ke riƙe da ita?

Kwanan baya wani yaro a ajinmu ya zo da littafin wansa na Faransanci. Ya nuna mini wata kalma a ƙarƙashin hoton hanta, ya ce: "Malam, mene ne wannan? Na tambayi yayana, ya ce shi ma haddace ta kawai ya yi." Kalmar ita ce stroma. Da bakinmu muna cewa sitiroma. Ita ce sunan abin nan da ke riƙe da hanta. A wannan karatu za mu ga ma'anarta, mu ga aikin abin da ake kira haka, mu kuma nema masa suna da Hausa.

2. Asalin kalmar

Kalmar ba ta Faransawa ba ce, aro ta suka yi daga harshen Girkanci. A can ma'anarta abin da ake shimfiɗawa a kwanta a kai, kamar tabarma ko katifa. Har yau mutanen ƙasar Girka da wannan kalma suke kiran katifa. Likitocin Turai da suka yanka sassan jiki suka duba, sun ga wani farin abu mai zare-zare, wanda sauran naman yake kwance a kansa da cikinsa. Shi ya sa suka ba shi sunan shimfiɗa.

Kalmar tana da abokiyar tafiya, wadda Faransawa ke rubutawa parenchyme, mu mu ce faranshim. Ita ma daga Girkanci take, ma'anarta abin da aka zuba a ciki. Wani likita mai suna Erasistiratus, wanda ya yi zamani fiye da shekara 2200 da suka wuce, shi ya fara amfani da ita. A ganinsa naman hanta jini ne da ya kwararo daga jijiyoyi ya daskare. Yanzu an san ba haka ba ne, amma sunan ya zauna.

Sanin abin da ke cikin nama a hankali ya samu. A 1665 wani Bature ɗan Ingila, Robert Hooke, ya duba ɓawon itace da madubi mai ƙara girman abu, irin wanda muke kira madubin likita. Ya ga ƴan ƙananan ɗakuna jere kamar saƙar zuma. Daga baya aka gane cewa kowane mai rai, mutum ko dabba ko tsiro, da irin waɗannan ƴan ɗakuna aka gina shi. Su ne ƙwayoyin halitta. A 1801 kuma wani likita Bafaranshe, Xavier Bichat, ya nuna cewa jikin mutum ba nama iri ɗaya ba ne. Ya lissafa iri 21, kuma da idonsa da wuƙarsa ya yi wannan aiki, bai yi amfani da madubin likita ba.

3. Garkar tattasai

Don mu gane abin da kyau, bari mu bar kasuwa mu gangara kudu, zuwa bakin Kumadugu. Ruwan wannan gulbi daga kogin Haɗeja da na Jama'are yake zuwa. Yana bin iyakar Nijar da Najeriya, ya wuce Diffa, ya zuba a tabkin Cadi kusa da Boso. A bakinsa ake noman tattasan nan da jihar Diffa ta yi suna da shi.

Ku dubi garka guda. Me kuka gani? Da farko tattasai, shi ne abin da ake nema, shi ake tsinka a shanya a kai kasuwa. Amma manomi bai fara da dashe ba. Sai da ya gyara ƙasa, ya ja fangali, ya ɗaga kunya kewaye da kowane fangali, ya gina hanyoyin da ruwa zai bi daga injin ban ruwa har gindin kowace shuka, ya kuma yi darni don dabbobi. Ba a kai kunya kasuwa, ba a sayar da hanyar ruwa a buhu. Amma in babu su, ko ƙwaya ɗaya ta tattasai ba za a samu ba.

Kowane sashen jiki haka yake, kashi biyu ne.

Kashi na ɗaya su ne ƙwayoyin da ke yin aikin da aka san sashen da shi. A hanta, su ke yin ruwan matsarmama, su ajiye sukari, su kashe dafin da ya shiga jini. A ƙoda, su ke tace jini su fitar da fitsari. Kowace ƙoda tana da ƴan matatai wajen miliyan 1. A zuciya, tsoka ce mai bugawa. Wannan kashi shi ne faranshim. Mu a ajinmu za mu kira su ma'aikata.

Kashi na biyu shi ne duk abin da ke riƙe ma'aikatan nan, ya jera su, ya kai musu abinci, ya kāre su. Shi ne tantanin da ya lulluɓe sashen daga waje, da bangayen da suka raba cikinsa gida-gida, da ragar zare mai laushi da ƙwayoyin ke zaune a kai, da hanyoyin jini, da jijiyoyin da ke kai saƙo. Wannan shi ne sitiroma.

4. Wane suna za mu ba shi?

Mun yi shawara a aji. Wata yarinya ta ce mu kira shi shimfiɗa, tun da ma'anar kalmar ke nan. Wani ya ce tsaiko, wato itatuwan da ake ɗaurewa da tanka kafin a ɗora jinka. Duk sun yi kusa. Amma tabarma ba ta ciyar da wanda ya kwanta a kanta, tsaiko kuma in ya karye ba ya gyara kansa.

Sai muka tuna da kalmar mariƙi. Mariƙin ƙwarya ko na tukunya shi ne wurin da ake kamawa a riƙe. Mariƙin yaro kuma shi ne wanda aka ba riƙonsa: ya ba shi wurin kwana, ya ci da shi, ya sha da shi, ya yi jiyyarsa in ba shi da lafiya. Sitiroma duk yana yin waɗannan. Saboda haka muka tsaya a kan wannan suna. Daga nan, in mun ce mariƙi, sitiroma muke nufi.

5. Da me aka yi mariƙi?

Yawancinsa wani irin nama ne da Faransawa ke kira tissu conjonctif, wato nama mai haɗawa. In aka duba shi da madubin likita, ana ganin abu uku.

Na ɗaya, zare. Mafi yawa shi ne farin zare mai ƙarfi da ake kira kolajan. Ana iya lanƙwasa shi, amma ja ba ya tsinka shi da sauƙi. Shi ne a cikin farar jijiyar agara, da tantanin da ke kan tsoka, da guringuntsi, har da ƙashi. Cikin furotin da ke jikin mutum, wato sinadarin gina jiki, fiye da kashi 1 cikin 4 kolajan ne. Akwai kuma zare mai miƙewa ya koma kamar roba. Ku tambayi mahauci ya nuna muku kakkaurar jijiyar nan mai ruwan ɗorawa da ke bayan wuyan sa. Ita ke taimakon sa ya riƙe kansa mai nauyi yana kiwo. Irin zarenta yana da yawa a huhu, shi ya sa huhu ke buɗewa ya koma duk lokacin da muka yi numfashi. Akwai kuma siririn zare da ke yin raga a cikin saifa da hanta da ɓargo.

Na biyu, wani ruwa mai yauƙi da ya cike tsakanin zaren. Abinci da iskar da jini ya kawo ta cikinsa suke ratsawa su kai ga ma'aikata. Dattin da ma'aikata suka fitar ta cikinsa yake komawa jini.

Na uku, ƙwayoyin halitta masu rai. Mafi yawansu sunansu fibroblaste da Faransanci. Aikinsu kaɗi da saƙa: su ke yin zaren, su ke yin ruwan, su ke kwance tsohon zare su sa sabo. Mu kira su masaƙa. Tare da su akwai fararen ƙwayoyin jini masu gadi, waɗanda ke cinye ƙwayoyin cuta.

Ashe mariƙi abu ne mai rai, kullum yana cikin aiki. Ku ɗauki misalin ɓargo. A cikin ɓargon manyan ƙasusuwa ake yin jini. Jar ƙwayar jini kwana wajen 120 take yi ta mutu, don haka dole jiki ya yi sababbi fiye da miliyan 2 a kowane sakan. Ƙwayoyin da ke haifar jini ba su iya wannan aiki su kaɗai. Mariƙin ɓargo ne ke ba su mazauni, ya kuma aika musu sinadaran da ke sa su hayayyafa ko su dakata. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

6. Mutanenmu sun daɗe da saninsa

Ko da yake kalmar baƙuwa ce, abin da take nufi ba baƙo ba ne a gidajenmu.

Majemi yana jiƙa fata a ruwan toka har gashi ya saki. Ya karce gashin da saman fatar, ya karce kitse da naman da ke ciki. Abin da ya saura a hannunsa saƙar kolajan ce zalla. Sai ya tsoma ta a ruwan bagaruwa. Sinadarin bagaruwa yana ɗaure zaren da juna, ya hana shi ruɓewa. Takalmi da jaka da kube da guga duk daga nan suke.

Uwa kuma in ta dafa ƙafar sa ko kan rago ta daɗe a wuta, jijiya mai tauri sai ta yi laushi. In romon ya kwana cikin sanyin hunturu, da safe sai a tarar ya daskare yana rawa. Kolajan ne ya narke a ruwan zafi. Mutanen dā sun yi ta dafa fata da ƙashi su sami abin liƙa itace. Sunan kolajan ma daga nan ya fito, don farkon kalmar da Girkanci yana nufin abin liƙi.

7. Mu gwada

Gwaji na ɗaya. Ku samo busasshen ɗan soso daga darni, ku ɓare shi, ku kakkaɓe ƴaƴan. Naman ya bushe ya tafi, amma ragar ta saura, da siffar ɗan soson daidai. Ku sani zaren tsiro daban yake da na dabba, wannan misali ne kawai.

Gwaji na biyu. Ku roƙi mahauci ɗan yankin hanta ko ƙoda. Ku sa farce ku ɗaye tantanin da ke kansa. Ku ja shi. Wanne ya fi ƙarfi, tantanin ko naman da ke ƙarƙashinsa?

Gwaji na uku. Ku sa yankin saifa a kwano da ruwa, ku riƙa matsa shi a hankali kuna sake ruwan. Jan naman zai fita kaɗan-kaɗan. A ƙarshe wata farar raga za ta saura a hannunku. Mariƙin saifa ke nan. In kun gama, ku wanke hannu da sabulu.

Masana ma sun yi irin wannan gwaji. A 2008, a jami'ar Minnesota ta Amurka, Doris Taylor da abokan aikinta suka ɗura wani irin ruwan sabulu ta hanyoyin jinin zuciyar ɓera, har ƙwayoyinta duka suka wanke. Abin da ya saura farar zuciya ce, da ɗakunanta da hanyoyin jininta, babu tsoka. Suka zuba mata sababbin ƙwayoyi na zuciyar jariran ɓera. Bayan kwana 4 sai ta fara bugawa, ko da yake da rauni ƙwarai. Wannan ya nuna mariƙi yana taimakon ma'aikata su san inda za su zauna da yadda za su jeru.

8. Yadda mariƙi ke ɗinke rauni

In lauje ya yanke ka, jini yakan daskare ya toshe wurin. Masu gadi su zo su share datti da ƙwayoyin cuta. Cikin ƴan kwanaki masaƙa su taru, su fara cike ramin da sabon kolajan, sababbin hanyoyin jini su tsiro. Jan naman nan da kuke gani a cikin miki mai warkewa, shi ne wannan. Daga baya wurin ya tsuke, ya zama tabo.

Ku dubi tabon da ke jikinku. Gashi ba ya fita a kansa, ba ya yin gumi, kuma ƙarfinsa ba ya wuce wajen kashi 80 cikin 100 na fatar asali. Masaƙa sun toshe ramin, amma ba su mayar da ma'aikatan da suka mutu ba.

Masaƙa ba su iya yin zare mai ƙarfi sai da bitamin C. A zamanin dā matuƙan jirgin ruwa na Turai sukan yi watanni a teku babu ɗanyen abu. Sai dasashinsu ya kumbura yana jini, haƙora su yi girgiɗi, har tsofaffin raunuka su sake buɗewa. A 1747 wani likitan jirgin ruwa, James Lind, ya raba marasa lafiya 12 biyu-biyu, ya ba kowane biyu magani daban. Waɗanda ya ba lemu da lemun tsami su suka warware da sauri. Mu kuwa Allah ya ba mu wannan bitamin a kusa. Ɗanyen jan tattasai ya fi lemu yawansa. Akwai shi a garin ƴaƴan kuka, da gwaba, da tumatir, da lemun tsami. Sai dai shanya da doguwar dahuwa suna rage shi sosai. Ku riƙa cin wasu ɗanye, bayan an wanke su da ruwa mai tsabta.

9. In tabo ya fito inda bai kamata ba

Tabo a ƙafa ba ya hana tafiya. Amma akwai wuraren da tabo ke zama babbar hasara. Ku koma garkar nan. In kunya ta yi ta faɗi tana cin fangali, hanyoyin ruwa kuma suka toshe, ina tattasai zai tsaya? Ga misali uku da muke gani a ƙasarmu.

Ido. A gaban baƙin ido akwai wata fata mai haske kamar gilashi, wadda Faransawa ke kira cornée. Mu kira ta gilashin ido. Kaurinta wajen rabin milimetir ne, kuma kashi 90 cikin 100 na kaurin nan sitiroma ne. Farin ido ma da kolajan aka yi shi. To, me ya sa ɗaya ke barin haske ya wuce, ɗaya ba ya bari? A gilashin ido zaren sirara ne, kaurinsu ɗaya, an jera su daidai wa daida, shimfiɗa kan shimfiɗa fiye da 200, kuma babu hanyar jini ko ɗaya a ciki. A farin ido kuwa zaren a cukurkuɗe yake. In miki ya ci gilashin ido, masaƙa za su toshe shi da gaggawa, amma ba za su iya jera zaren kamar na farko ba. Wurin sai ya yi fari. Wannan ita ce hakiya. In ta zauna a tsakiyar ido, haske ba ya shiga.

Me ke kawo mikin? Ƙyanda, wato baƙon dauro, musamman ga yaron da ba ya samun isasshen bitamin A. Ƙaya ko ƙaiƙayi da ya soki ido. Maganin da ba na likita ba da ake ɗigawa a ido. Akwai kuma amodari, ciwon idon da ƙuda da hannu mai datti da tsumma ke yaɗawa. In ya yi ta dawowa shekara da shekaru, cikin fatar ido yakan yi tabo ya tsuke, gashin ido ya juya ciki yana gogar gilashin. Ɗan ƙaramin aiki a asibiti yana mayar da gashin waje kafin ido ya lalace. Wanda hakiya ta riga ta rufe wa ido, sai dai a dasa masa gilashin idon wani. Likita Eduard Zirm ne ya fara yin haka da nasara a 1905. Amma aiki ne na manyan asibitoci, ba kowa ke samunsa ba.

Mafitsara. In Kumadugu ta janye da rani, takan bar tabkuna da kududdufai. A irin wannan ruwa ƙananan katantanwa ke zama, su kuma ke ɗauke da tsutsar tsargiya. Likita Theodor Bilharz ne ya gano tsutsar a birnin Alƙahira a 1851, shi ya sa ake kiran ciwon bilarziya. Tsutsar tana huda fatar mai wanka ko mai ban ruwa ko masunci, ta girma a hanyoyin jini, ta yi ta yin ƙwai. Wasu ƙwan suna fita da fitsari, su ke sa fitsarin jini. Wasu kuma suna maƙalewa a bangon mafitsara. Masu gadi sukan kewaye kowane ƙwai, masaƙa su naɗe shi da zare. Bayan shekaru mafitsara ta yi tauri, hanyar da ke saukar da fitsari daga ƙoda ta tsuke, ƙoda ta kumbura. Wasu suna cewa fitsarin jini alamar girman yaro ce. Ba gaskiya ba ne, ciwo ne, kuma yana da magani, ƙwayar da ake kira farazikantel. In an sha da wuri, mafitsara takan koma daidai.

Hanta. Hanta tana da wata baiwa: in wani ɓangarenta ya lalace sau ɗaya, ma'aikatanta sukan hayayyafa su cike gurbin, muddin ragar mariƙinta tana nan. Amma in ciwo ya yi ta cin ta shekaru da yawa, kamar ciwon hanta nau'in B ko yawan shan giya, tabo yakan yi ta ƙaruwa. Hanta ta tsuke, ta yi tauri, ta yi ƙulli-ƙulli, jini ya kasa ratsa ta. Daga nan ciki ya cika da ruwa, wani ya yi aman jini. Likita Bafaranshe René Laennec ne ya ba wannan ciwo suna cirrhose a 1819. Ciwon hanta nau'in B yana da allurar rigakafi. Tana cikin allurar da ake yi wa jarirai a mako na 6, da na 10, da na 14.

10. Abin da yaro zai iya yi

Tsohon tabo yana da wuyar gogewa. Saboda haka rigakafi ya fi magani.

Ka wanke fuskarka da ta ƙannenka kowace safiya, kada ƙuda ya taru a idonsu. Ka tuna wa inna ranar allurar jariri, da ta ƙyanda a wata na 9, da ɗigon bitamin A da ake ba yara daga wata 6 zuwa shekara 5. Hanta, da ƙwai, da man shanu, da mangwaro, da karas, da ganyen zogale duk suna ba da bitamin A. In ƙanenka ba ya gani da almuru, wato dundumi, ko idonsa ya yi ja yana ruwa, a kai shi likita ran nan. Kada a ɗiga masa kome sai abin da likita ya bayar. Kada ka yi fitsari ko bayan gida a tabki. In ka ga jini a fitsarinka, kada ka ji kunya, ka gaya wa baba ko malam. In an kawo maganin tsargiya makaranta, ka ci abinci, ka sha.

11. A kula

Watarana za ku sake gamuwa da kalmar nan a darasin tsirrai. A cikin ƙwayoyin ganye akwai ƴan korayen ƙulle-ƙulle, inda tsiro ke yin abincinsa da hasken rana. Ruwa mai kauri da ya cike cikinsu shi ma sitiroma ake kiransa, don koren abin yana kwance a cikinsa. Amma a can babu kolajan, babu masaƙa. A cikin ruwan nan ne ma ake haɗa sukari. Suna ɗaya ne, abu biyu ne. In kun ga kalmar, ku fara duba ko maganar dabba ake yi ko ta tsiro.

Abin riƙewa

Kowane sashen jiki yana da ma'aikata da mariƙi. Ma'aikata su ne faranshim, mariƙi shi ne sitiroma. Mariƙi ya ƙunshi zare, da ruwa mai yauƙi, da masaƙa, da hanyoyin jini, da jijiyoyi. Yana riƙe ma'aikata, yana ciyar da su, yana ɗinke rauni. In ciwo ya daɗe, tabo yakan cinye wurin ma'aikata, sashen ya kasa aikinsa.

Tambayoyi

1. Daga wane harshe kalmar sitiroma ta fito? Mene ne ma'anarta a can?
2. A garkar tattasai, me ya yi kama da ma'aikata? Me ya yi kama da mariƙi?
3. Don me muka zaɓi kalmar mariƙi, muka bar shimfiɗa da tsaiko?
4. Me ya sa romon ƙafar sa ke daskarewa in ya kwana?
5. Gilashin ido da farin ido duk da kolajan aka yi su. Ina bambancinsu?
6. Faɗi abu 3 da ke kawo hakiya, da yadda za a kauce musu.
7. Yaya ƙwan tsutsar tsargiya ke sa mafitsara ta yi tauri?

Aiki

Ku zana ragar ɗan soso a littafinku. Ku rubuta sunan mariƙi da Hausa da Faransanci a ƙarƙashinta. Masu jin Barbarci ko Fillanci su tambayi iyayensu yadda ake kiran tantani da jijiya da tabo da hakiya a harshensu, su kawo mana gobe, mu rubuta su a allo.